Babi na Bakwai: Kirep, Yadi ne ko Abinci?

Me ya haɗa yadin da ake ɗinka abaya da wainar da ake ci da zuma? Mace za ta shiga Kantin Kwari ta ce a yanko mata yadi huɗu na kirep, mai shago ya ɗauko mata wani yadi mai nauyi-nauyi, marar sheƙi, wanda in ka shafa shi za ka ji ɗan gurje-gurje a yatsunka. Ɗalibin da ya zauna a Faransa, ko wanda ya saba shiga gidajen cin abinci na Yamai da Abuja, in ya ji kalmar nan ba yadi zai tuna ba. Zai tuna wata siririyar waina mai faɗin faranti, wadda ake naɗewa da cakulan ko ƙwai a ciki. Suna ɗaya, rubutu ɗaya, crêpe, amma ɗaya na tela ne ɗaya na mai girki.

Mutane da yawa sukan ɗauka dace ne kawai, irin yadda kalmomi biyu kan yi kama ba tare da dangantaka ba. A nan ba haka abin yake ba. Yadin da wainar uwarsu ɗaya ubansu ɗaya, kuma abin da ya haɗa su yana nan a fili ga duk mai ido. Waɗanda suka raɗa sunan ba su dubi abin da aka yi yadin da shi ba, ba su kuma dubi garin da aka dama ba. Fuskar abin suka duba, suka ga ta yamutse, sai suka kira shi da yamutsewarsa. Za mu rubuta kalmar "kirep" a wannan babi, yadda take fita a bakin Bahaushe, sai inda ya zama dole a nuna ainihin rubutunta.

Daga gashin Rumawa aka faro

Tushen kalmar yana cikin Latin, harshen tsohuwar daular Rum. A harshen akwai siffar crispus, wadda ake faɗa wa abin da ya nannaɗe ko ya tattare, musamman gashin kai. Rumawa mutane ne masu son yi wa juna laƙabi da siffar jiki, kuma laƙabin kan bi zuri'a har ya zama sunan gida. Wanda aka haifa da murɗaɗɗen gashi sai a ce masa Crispus. Sanannen marubucin tarihin nan Sallust, wanda ya rayu a zamanin Yuliyus Kaisar, cikakken sunansa Gaius Sallustius Crispus ne. Babban ɗan Kustantin, sarkin Rum, ma Crispus ake kiransa.

To, kalmar da ta fara daga gashi ba ta tsaya a kai ba. Duk abin da fuskarsa ta ƙi kwanciya sumul yana iya ɗaukar ta: ganye mai lanƙwasassun gefe, ruwan da iska ta kaɗa, jijiyar katako mai murɗiya. Da daular Rum ta watse, Latin ya rarrabu ya haifi harsunan da muka sani a yau, kowanne ya tafi da nasa kason. Italiyanci da Sifaniyanci suna da crespo, har yanzu kuma ana faɗarsa ga gashi. Italiyawa suna kiran irin wainarsu crespelle, Sifaniyawa suna kiran yadin crespón. Tsohon Faransanci kuwa ya mayar da ita crespe, kuma daga nan labarinmu ya ɗauki hanya.

Hular da ke kan harafi

Wanda ya lura da rubutun crêpe zai ga wata 'yar alama mai kamar hula a kan harafin e na farko. Ba ado ba ce. Shaida ce ta harafin da ya ɓace.

Tun a tsakiyar zamani Faransawa suka daina furta s ɗin da ke zuwa kafin wani baƙi a cikin kalmomi da dama, amma suka ci gaba da rubuta shi ɗaruruwan shekaru saboda sabo. Sai a bugu na uku na ƙamus ɗin Majalisar Harshen Faransanci, wanda ya fito a 1740, aka share shi daga rubutu, aka ɗora wannan alama a kan wasalin da ke gabansa. Forest ta zama forêt, feste ta zama fête, hospital ta zama hôpital, crespe ta zama crêpe. Ingilishi ya riga ya ari wasu daga cikin waɗannan kalmomi tun s ɗin yana da rai, shi ya sa ya riƙe shi. Mu ma da muka karɓi kalmar asibiti daga bakin Ingilishi, s ɗin da Faransawa suka zubar yana nan a bakinmu kullum.

Saura tambaya: in Bafaranshe ya ce kirep, ta yaya ake gane ko yadi yake nufi ko abinci? Harshensu, kamar namu, yana raba sunaye zuwa namiji da ta mace. Yadin namiji ne, le crêpe. Wainar mace ce, la crêpe. Da wannan ɗan bambanci suka raba gardama, ba su taɓa buƙatar sabuwar kalma ba.

Yadda zare ke yamutsa kansa

A nan ya kamata mu ɗan zauna, domin hikimar da ke cikin saƙar kirep ta cancanci a san ta. Yamutsewar yadin ba daga rashin guga take ba, kuma guga ba ta cire ta. A cikin zaren take.

Mai karatu zai iya gwadawa da hannunsa. Ka sami zare mai tsawon kamu biyu, ka riƙe bakinsa ɗaya da haƙori, ka yi ta murza ɗaya bakin tsakanin yatsu zuwa gefe guda. In murzar ta yi yawa, da zarar ka sassauta sai zaren ya ƙudundune ya nannaɗe kansa, domin yana neman ya warware. Duk mai kaɗi da mazari ta san wannan, kuma a wurinta aibi ne da take gudu. Masaƙan kirep sai suka mayar da aibin nan sana'a. Suna murza zaren fiye da kima da gangan, sau dubu biyu ko uku a kowace mita, wani zuwa dama wani zuwa hagu. A wurin saƙa sai su jera su bi da bi, 'yan layuka na mai murzar dama, 'yan layuka na mai murzar hagu, don kada yadin ya karkace gefe ɗaya.

Amma ta yaya ake saƙa zaren da ke ƙudundunewa da an sake shi? Amsar tana jikin siliki. Zaren da tsutsar siliki ke fitarwa yana zuwa da wani danƙo na halitta da ke sandarar da shi. Ana murzawa a saƙa da danƙon a jiki, yadin ya sauko daga masaƙa a miƙe, da tauri, ba alamar yamutsewa. Sai a jefa shi cikin ruwan zafi da sabulu. Danƙon na narkewa, kowane zare ya sami sarari ya yi yunƙurin warwarewa, na dama ya ja nan, na hagu ya ja can, saƙa kuma ta riƙe su ta hana su kuɓucewa. Daga wannan ja-in-ja ne fuskar yadin ke tashi da ƙananan tudu da kwari. Yadin yana tsukewa sosai a faɗi, shi ya sa ake saƙa shi da faɗin da ya wuce wanda ake nema.

Daga nan duk halayen da mata ke so a kirep suka fito. Ba ya ƙyalli, saboda haske yana warwatsuwa a kan tudun nan maimakon ya dawo ido kai tsaye. Yana zubowa a jiki da kyau, saboda murzajjen zare yana da nauyi. Yana ɗan miƙewa ya koma. Ba ya saurin nuna alamar zama. Shi ya sa ya dace da abaya da hijabi da doguwar riga. Tela kuma ya san ɗaya gefen: yadi ne mai santsi a ƙarƙashin almakashi, kuma na siliki ko na ulu yana iya tsukewa in an jiƙa shi ba da lura ba.

Mutanen gabashin Asiya sun daɗe da ƙwarewa a wannan saƙa. Shi ya sa Faransawa suka kira nau'i mafi laushi crêpe de Chine, wato kirep ɗin Sin. A Japan ana kiran irinsa chirimen, kuma yankin Tango da ke arewacin lardin Kyoto ya shahara da shi tun 1720, lokacin da aka kai fasahar can daga unguwar masaƙa ta Nishijin. Har yau daga can ake samun mafi yawan farin yadin da ake rinawa a ɗinka kimono. A Turai, birnin Bologna na Italiya ne ya yi suna da shi tun da wuri. Yadin jojet, wanda 'yan Najeriya suka sani sarai, shi ma ɗan gidan kirep ne, siririnsa mai shara-shara. Mafi yawan abin da ke kasuwanninmu yau na roba ne, ba siliki ba, kuma sau da yawa da salon saƙa ko da zafin inji ake samar da yamutsewar. Sunan dai bai canza ba, tunda tun asali fuska ake kira ba zare ba.

Yadin da ya zama alamar mutuwa

Kirep bai fara shahara a Turai a matsayin kayan kwalliya ba. Ya shahara ne a matsayin tufar makoki, kuma rashin sheƙinsa ne ya ja masa wannan aiki. A al'adarsu mai makoki ba ya sa abin da ke ƙyalli. Baƙin siliki kuwa yana ƙyalli, sai in an yamutsa fuskarsa.

Ingilawa sun ari kalmar tun a ƙarni na 17 suka rubuta ta crape, kuma da tafiya ta yi tafiya wannan rubutun ya keɓanta ga yadin makoki. Nasu ya bambanta da mai laushin da muka bayyana. Siririn siliki ne da ake bi da shi ta cikin ƙarafa masu zafi da zane a jiki, su danna masa tattara, sannan a rina shi baƙi a sandarar da shi. Yana da kaushi, yana da wari, ba ya son ruwa ko kaɗan. Ruwan sama na taɓa shi sai ya yi tabo ya saki jiki, rininsa kuma yana zuba a fata. Matan da suke lulluɓe fuska da mayafinsa wata da watanni sun sha kukan ciwon ido da ƙaiƙayi, har likitocin zamanin suka riƙa gargaɗi a kansa.

Abin ya kai ƙololuwa a zamanin Sarauniya Biktoriya. Mijinta Yarima Albat ya rasu a watan Disamba na 1861, ita kuma ba ta sake cire baƙin kaya ba har ta rasu a 1901. Masu hali suka bi sahun fada, talakawa suka bi sahun masu hali. Ƙa'idar da littattafan ladabi na lokacin suka shimfiɗa ita ce matar da mijinta ya mutu ta yi shekara guda da kwana ɗaya cikin baƙin kaya da kirep ya rufe kusan ko'ina, sannan a riƙa rage shi a hankali, makokin gaba ɗaya ya kai shekara biyu ko fiye. Mai karatu da ya san takabar wata huɗu da kwana goma zai iya auna nauyin abin. Maza kuwa ɗan ƙyalle kawai suke ɗaurawa a hula ko a damtse. Ana kuma rataya shi a ƙofar gida don masu wucewa su san an yi rasuwa. A Landan har shaguna aka buɗe waɗanda ba sa sayar da komai sai kayan makoki, kamar shagon Jay's da aka kafa a titin Regent a 1841.

Abin da ya fi damuna a wannan tarihi shi ne nauyin da ya faɗa kan matan talakawa. Macen da ta rasa mai ciyar da gida ita ce kuma ake sa ran ta nemo kuɗin baƙin yadi mai tsada wanda ba ya jure wanki, in ba haka ba maƙwabta su ce ba ta damu da mamacin ba. Wasu sai dai su rina tsofaffin kayansu. Ga kuma camfin da ya yaɗu cewa ajiye kirep a gida bayan an gama makoki yana jawo wata mutuwar, wanda ke nufin kowace rasuwa sai an sayi sabo.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan kasuwa shi ne kamfanin Courtauld da ke yankin Essex a lokacin, mai masaƙu a garuruwan Bocking da Halstead da Braintree. Kakannin gidan Kiristoci ne 'yan Furotesta da suka gudo daga Faransa saboda tsangwamar addini. Samuel Courtauld ne ya gina arzikin kamfanin a kan baƙin kirep, kuma yawancin ma'aikatansa mata ne da 'yan mata. Da al'adar dogon makoki ta fara ja da baya a ƙarshen ƙarnin, kamfanin ya sayi haƙƙin yin silikin inji daga niƙaƙƙen itace a 1904, ya fara sarrafa shi a Coventry a 1905, ya zama ɗaya daga cikin manyan kamfanonin zare na duniya. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙarasa abin da ya rage na al'adar, domin mamatan sun yi yawan da ba a iya yi wa kowa irin wancan makoki.

Wainar mutanen Biretanyi

Mu bar makoki mu shiga kicin. Tun wajen 1393 akwai tsarin yin crespes a cikin Le Ménagier de Paris, littafin da wani dattijo mai hali ya rubuta wa amaryarsa kan riƙon gida. Fulawa ce da ƙwai da ruwa da gishiri da ɗan ruwan inabi, a buga su sosai, a soya a ƙaramin kaskon ƙarfe. Wanda ya taɓa zuba ƙullu mai ruwa-ruwa a kasko mai zafi ya san abin da ke biyo baya: gefen yana bushewa da sauri, ya tattare, ya ɗago sama. Wannan tattararren gefe shi ya ba wainar sunanta.

Abin da ya fi kusa da ita a wurinmu shi ne sinasir, sai dai ita ba a sa mata yis, ba ta kumbura, kuma ta fi shi sirantaka nesa ba kusa ba. Yadda aka saba haɗa ta a gidajen Faransa yau, fulawa giram 250 ce, ƙwai huɗu, rabin lita na madara, ɗan gishiri da narkakken bota, a bar ƙullun ya huta kamar awa guda kafin a fara suya.

Gidanta na gaskiya shi ne Biretanyi, yankin da ke ƙuryar arewa maso yammacin Faransa, wanda bai kamata a rikita shi da Birtaniya ba. A da, ƙasar wurin ba ta karɓar alkama sosai. Abin da ta karɓa shi ne wani tsiro mai ƙwaya baƙa-baƙa, ɗan asalin ƙasar Sin, wanda ke nuna cikin wata uku ko a ƙasa marar ƙarfi. Faransawa suna ce masa baƙar alkama, suna kuma ce masa sarrasin, sunan da Turawan tsakiyar zamani ke kiran Larabawa da Musulmi da shi. Garinsa ba shi da danƙon da ke sa burodi ya tashi, don haka ba ya burodi. Sai manoman yankin suka koma shimfiɗa ƙullunsa a kan faffaɗan ƙarfe mai zafi da suke kira billig, suna baza shi da ɗan katako mai suna rozell. Abincin talaka ne na yau da kullum, a madadin burodin da ƙasarsu ta hana su. A gabashin yankin ana kiran ta baƙin gari galette, a bar kirep ga ta farar fulawa mai zaƙi. A yammaci kuwa duka biyun kirep ne, da harshensu na gado kuma krampouezh.

Talauci ne ya fitar da ita duniya. 'Yan Biretanyi da suka tafi ci-rani Faris suna sauka ne a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, a nan kewayen suka zauna, a nan suka buɗe shagunan suya, kuma har yau titunan unguwar cike suke da su. A shekarun 1970 ta isa unguwar Harajuku ta Tokyo, inda ake naɗe ta da kirim da 'ya'yan itace a ci a tsaye.

Tana da ranarta a kalanda. Kowace 2 ga Fabrairu, kwana arba'in bayan Kirsimeti, Faransawa suna bikin Chandeleur, bikin kyandirori, kuma kusan kowane gida sai an soya kirep. Al'adar ita ce mai suya ya riƙe tsabar kuɗi a hannu ɗaya, ya wurga wainar sama da kaskon da ke ɗaya hannun, in ta juya ta faɗo daidai su ɗauka shekarar za ta yi albarka. Kalmar da a Landan take tuna wa mutane gawa, a ƙauyukan Faransa yara take tarawa a bakin murhu.

Inda kalmar ta ƙara yaɗuwa

Ingilishi ya ari wannan kalma har sau uku. Na farko tun a tsohon Ingilishi, kai tsaye daga Latin, a siffar crisp, kuma ma'anarta a lokacin murɗaɗɗen gashi ce. Sai a ƙarni na 16 ta fara nufin abin da ke ƙaras-ƙaras a baki, har ta kai Ingilawa suna kiran soyayyen siririn dankali da ita. Na biyu shi ne crape na makoki. Na uku shi ne crêpe da rubutunta na Faransanci, wadda ta shigo a ƙarshen ƙarni na 18 don yadin ado, ma'anar waina kuma ta biyo baya a ƙarni na 19.

Daga nan duk abin da masana'anta ta yamutsa sai ya gaji sunan. Takardar ado mai launi da ake ƙawata ajin makaranta da ita takardar kirep ce, kuma da irin wannan dabara ake tattare takardar tishu don ta yi laushi. Bandejin da ake naɗe targaɗe da shi a asibiti na kirep ne, murzajjen zarensa ne ke sa ya miƙe ya kama gaɓa. Danƙon itacen roba da aka daskarar aka bi da shi ta cikin injin matsa yana fitowa a tattare, shi ma kirep ake ce masa, da shi ake yin tafin takalmi. Takalmin Desert Boot na kamfanin Clarks, wanda ya shiga kasuwa a 1950, an kwaikwayo shi ne daga takalma masu irin wannan tafi da hafsoshin Birtaniya ke saye a kasuwar Alƙahira lokacin Yaƙin Duniya na Biyu.

Mu ma muna da namu misalin na yadda sunan abinci ke barin gidansa. Fanke daga kalmar Ingilishi pancake ya fito, wadda ke nufin wainar kasko mai faɗi. Da ta shigo ƙasar Hausa sai ta koma kan dunƙulallen ƙullu mai yis da ake tsomawa cikin mai. Fanke ya riƙe sautin ya saki siffar. Kirep kuwa, cikin shekara dubu biyu, ya sauya sauti da rubutu, ya bi gashi da siliki da gari da roba, amma bai taɓa sauka a kan abin da fuskarsa ke sumul ba.

A babi na gaba za mu ci gaba da zama a shagon yadi, mu ɗauko leshi. Kalmar ta fito ne daga wata kalmar Latin mai nufin zarge, irin wanda ake kama dabba da shi, kuma za mu ga yadda wani ƙaramin gari mai suna Lustenau a ƙasar Ostiriya ya zama mai yi wa 'yan Najeriya leshin biki.